Ruwan Batir Ba Ruwa Ba Ne



Sa'ad da aka nemi mu yi magana a kan wani al'amari da ya shafi ƙasar Gaya da Ajingi, mun tabbata da yawa daga cikinku sun zaci za mu ɗauko zancen siyasa, ko na sarauta, ko na rashin aikin yi. To, waɗannan suna da masu yinsu. Mu abin da muka zaɓa ƙarami ne a ido, har yakan shiga cikin gorar lemo, watau ruwan nan da ake zuba wa batir. Maganar da muke so mu kafa kuwa ita ce, haɗarin wannan abu tun daga sunansa ya faro, domin mun kira shi ruwa alhali kuwa ba ruwa ba ne.

Bari mu fara da dalilin da ya sa batun ya zama namu. A da, batir abin direbobi ne da makanikai, sai kuwa mai gidan da ke da rediyo babba ko talabijin. Yau kuwa duk wanda ya biyo hanyar da ta taso daga Kano ta ratsa Wudil ta iso Gaya, ya kuma kutsa cikin garuruwa irin su Kademi da Shagogo da Gamarya, ko ya nufi ƙasar Ajingi ya leƙa Toranke da Balare da Kunkurawa, zai tarar batir ya shiga ko'ina. Yana cikin babur, yana cikin A Daidaita Sahu, yana rumfar mai cajin waya, yana bayan lasifikar masallaci, yana shagon mai sayar da ƙanƙara. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, janareta ya gagari mutane da yawa, aka koma ga hasken rana. Ita kuwa sola ba ta aiki da dare sai da ma'aji, ma'ajin da talaka ke iya saye kuwa har yanzu shi ne batirin dalma, musamman dogon nan da ake shigowa da irinsa daga Indiya, wanda ƙato ɗaya ba ya ɗaga shi cikin daɗin rai. Batirin mota ɗaya yana ɗauke da lita 3 zuwa 4 na wannan ruwa, dogon na sola kuwa yakan haura lita 15. Ashe ke nan abin da a da ke garejin bakanike yanzu ya shigo zaure, wani lokaci ma har ƙuryar ɗakin da yara ke kwana.

Masu tarihi suna cewa Abagayawa maƙera ne da suka taso daga Gaya suka je gindin Dutsen Dala neman tama. Ba don alfahari muka tuno da wannan ba. Abin lura shi ne, ƙira sana'a ce mai haɗari, amma tana da gado. Ɗan maƙeri tun yana zuga-zugi ake nuna masa inda zai zauna, da yadda zai riƙe awartaki, da abin da ba a taɓawa ko da ya daina ja. Sana'ar tana da sarkinta, tana da ladubbanta. Sana'ar batir kuwa baƙuwa ce, ba wanda ya gaje ta kaka da kakanni. Yaro yakan zauna wata shida a gefen maigidansa, ya ga yadda ake maƙala waya, sa'an nan ya buɗe tasa rumfar. Har wa yau kuma, wuta tana da ja, tana da huci, ko jariri ya matsa kusa da ita zai ja da baya. Wannan ruwa kuwa garau yake, ba launi, ba wani warin da zai ankarar da mutum.

To, mene ne a cikin batir? Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté shi ya ƙago shi a shekarar 1859, wani ɗan ƙasarsu, Camille Faure, ya kyautata ƙirar farantansa a 1881, kuma har yau tushen aikin bai sake ba. Batir mai bolt 12 ɗakuna shida ne a jere, kowane ɗaki yana ba da bolt 2 da 'yar ɗoriya. A kowane ɗaki akwai faranti iri biyu na dalma, ɗaya ruwan toka, ɗaya mai duhun ƙasa-ƙasa, an tsoma su cikin asid ɗin da ake samu daga farar wuta, wanda masana kimiyya ke kira salfiyurik, an sirka shi da ruwa. Idan batir yana ba da wuta, asid ɗin yana shigewa jikin farantan, abin da ya rage a ɗakin sai ya tsinke ya kusa zama ruwa. Idan aka sa caji sai asid ɗin ya fito ya koma inda yake. Shi ya sa ake gane ƙarfin batir da awon kaurin ruwansa. Akwai wani ɗan bututun gilashi mai kan roba, haidiromita, wanda ake zuƙo ruwan da shi. Ruwan sha awonsa 1.000, na batirin da ya cika caji yana tsakanin 1.240 da 1.280, gwargwadon yadda kamfani ya tsara, na wanda ya sauka sarai kuwa yakan faɗo wajen 1.120. Wannan bututu ba shi da tsada, amma ku zaga rumfuna ku ƙirga inda za ku same shi.

Yanzu mu zo ga sunan. Abu uku ne mabambanta Bahaushe ya haɗa ya kira ruwan batir. Na farko tataccen ruwa ne, wanda aka tafasa aka tara tururinsa, ba asid a cikinsa ko kaɗan. Na biyu sirkakken asid ne, wanda kimanin kashi 35 cikin 100 na nauyinsa asid ne, shi ake zuba wa sabon batir. Na uku kuwa shi ne uwar, ɗanyen asid mai kashi 98 cikin 100, mai yauƙi kamar mai, wanda lita ɗayansa ta kusa ninka litar ruwa nauyi, gama awonsa 1.84 ne. Na farko ko a ido ya shiga ba abin da zai yi. Na biyu yana makantarwa. Na uku yana cin nama har ya tarar da ƙashi. Amma duka ukun suna ɗaya suke amsawa, sau da yawa kuma a irin gora ɗaya ake sayar da su, gorar da jiya aka sha lemo a cikinta. Maigida ya ce wa yaro, "Je ka sayo mini ruwan batir." Yaro ya je ya faɗa wa mai shago haka nan. Wanne daga cikin ukun za a miƙo masa? Allah kaɗai ya sani.

Ɓarnar farko da wannan ruɗani ke yi a aljihu take. Mutum ya leƙa batirinsa ya ga ruwa ya ja baya, sai ya ce batir ya sha ruwansa, a ƙara masa, ya je a zuba masa asid. Alhali kuwa asid ba ya tashi. Abin da ke ƙarewa ruwa ne tsantsa, wani zafi ya ɗauke shi, wani kuma caji ya raba shi ya zama iska. Asid ɗin da aka zuba ranar farko yana nan. Saboda haka duk wanda ya ƙara asid a kan asid, kauri ya ƙara, kaurin nan kuwa shi zai ci farantan. Batir zai yi kamar ya farfaɗo na 'yan kwanaki, daga nan ya mutu mutuwar da ba tashi. Ƙa'idar ita ce, asid sau ɗaya ake zuba shi a rayuwar batir, in ba zubewa ya yi ba. Bayan wannan sai tataccen ruwa kaɗai. Ruwan rijiya da na burtsatse ba su yi, domin suna ɗauke da gishiri da ƙarfe da sauran ma'adinai masu lalata faranti. Ruwan leda ma, ko da an rubuta masa tsarki a jiki, tsabtacce ne don sha, ba tatacce ba ne. Kuma ƙasarmu ƙasar zafi ce. Masu ƙera batir suna yin lissafinsu a kan digiri 25, suna kuma cewa duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan haka yana rage rabin kwanan batir. Mu kuwa a watan Afrilu mukan ga digiri 40 a inuwa. Wanda ya ajiye batirinsa a ɗakin kwano marar taga, ya kuma shayar da shi asid, kada ya zargi Indiyawa.

Amma asarar kuɗi mai sauƙi ce. Waɗanda suka yi kimiyya a sakandare za su tuna gwajin da ake zuba ɗanyen asid a kan sukari, ya yi baƙi ya kumburo kamar gawayi yana hayaƙi. Dalili shi ne wannan asid mayen ruwa ne, duk inda ya sami ruwa sai ya fizge shi, yana fizga yana fitar da zafi mai tsanani. Jikin ɗan Adam kuwa yawancinsa ruwa ne. Shi ya sa ƙunarsa biyu ce a haɗe, ta guba da ta zafi. Kuma wannan hali nasa shi ya haifar da dokar da kowane mai sirki ya kamata ya haddace kamar sunansa: asid ake zubawa cikin ruwa, a hankali, ana motsawa, ba a taɓa zuba ruwa cikin asid. Wanda ya juya wannan tsari, ruwan da ya zuba zai tsaya a sama don ya fi sauƙi, ya tafasa nan take, ya yi tsartuwa ya watso masa asid a fuska. Mu a ganinmu ma, babu dalilin da zai sa a riƙa sirki a rumfar kasuwa. Wanda aka riga aka sirka a masana'anta yana samuwa, sabon batirin babur ma da yawa da nasa yake zuwa a cikin 'yar roba, an auna daidai. Ribar da ake nema wajen sayo uwar a sirka da hannu ba ta kai kuɗin ido ɗaya ba.

Wanda zai cika sabon batir, ya yi a fili inda iska ke kaɗawa, a kan ƙasa, ba a kan cinya ko benci mai rawa ba. Ya sa tabarau mai rufe gefe, ya sa safar hannu ta roba, ya tuɓe babbar riga ko duk wata tufa mai faɗin hannu. Mazurarinsa ya zama na roba, gama asid yana cin bokitin ƙarfe da tukunyar alminiyam. Ya zuba har layin sama, kada ya wuce, ya bar batirin ya huta kamar rabin sa'a zuwa sa'a guda domin farantai su sha, in ya ja baya ya cike, sa'an nan ya sa caji mai sanyi. Gaggawar mai babur da ke tsaye yana cewa fasinja na jira ba hujja ba ce.

A wajen caji kuma akwai wani haɗarin dabam wanda ba a gani. Mun ce caji yana raba ruwa ya zama iska. Ɗaya daga cikin iskar nan ita ce haidurojin, wadda in ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri, ƙyastu ɗaya ya ishe ta. Batirin da ya fashe kuwa ba wuta kaɗai yake watsawa ba, har da ɓaraguzan roba da asid, kuma fuskar wanda ya sunkuya a kansa ita ce mafi kusa. Saboda haka ba a leƙa ramin batir da ashana, ba a shan taba kusa da shi, ba a gwada ƙarfinsa ta hanyar haɗa kawunansa biyu da waya don a ga tartsatsi, ko da yake mun san wannan ita ce haidiromitar yawancin rumfunanmu. A kashe na'urar caji tukuna kafin a cire maƙalai. A jikin mota ko babur, wayar da ke da alamar ragi ita ake fara cirewa, ita ake mayarwa daga ƙarshe. Zobe da agogon ƙarfe a tuɓe su. Ɗakin da aka jera batiran sola kuwa lalle ya sami taga ta sama, don ita wannan iska sama take yi, kuma ba ɗakin kwana ba ne.

To, in tsautsayi ya auku fa? Nan ne muke roƙon ku kasa kunne, domin abin da aka yi a mintin farko ya fi abin da likita zai yi bayan sa'a uku. Maganin farko ruwa ne, na biyu ruwa ne, na uku ma ruwa ne. A tuɓe tufar da ta jiƙe, a yi ta kwarara ruwa a wurin har minti 20 ba tsayawa. Wani zai ce, ai yanzu kuka ce ruwa da asid suna haifar da zafi. Gaskiya ne, shi ya sa ruwa kaɗan ba ya yi, mai yawa ake so, wanda zai kwashe asid ɗin da zafin gaba ɗaya. Butar alwala da ke gefen kowace rumfa ba ta kai ko'ina ba. Duk mai wannan sana'a ya kamata ya fara cinikinsa na safe da ɗan garuwa, ya ajiye jarka biyu cike, a buɗe, inda hannu zai kai ko ido a rufe. In a ido ne, a karkata kai yadda ruwan zai gangara gefe ba cikin ɗaya idon ba, a buɗe fatar idon da yatsu ko mutum yana ihu, a yi ta zubawa, a ci gaba da zubawa har a kan hanyar asibiti. Kada a shafa ɗanyen ƙwai, ko man shanu, ko manja, ko baƙin mai, ko man goge baki. Duk waɗannan rufe asid ɗin suke yi a kan fata ya ci gaba da aikinsa, su kuma wahalar da mai wanke ciwon.

Kanwa tana da amfani a nan, amma a san inda za a sa ta. Kanwa kishiyar asid ce, tana kashe kaifinsa. In ya zube a ƙasa, a barbaɗa garin kanwa ko toka ko farar ƙasa, za a ga yana kumfa, in kumfar ta tsaya a kwashe. Wannan a ƙasa ke nan. A jikin mutum kuwa, ko a ido, ko a ciki, ba a sa ta, gama faɗan da suke yi da asid zafi yake fitarwa.

Mafi muni shi ne sha. Yaro ya dawo daga wasa da ƙishirwar bazara, ya ga gorar lemo da ruwa garau a ƙarƙashin benci, me zai hana shi? Abin da jama'a suka saba yi kuwa shi ne a ɗura masa manja, ko a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai. Wannan kuskure ne babba, domin abin da ya ƙona hanya da zai shiga, zai sake ƙona ta da zai fito, wani ma ya faɗa huhu. A kurkure masa baki, kada a ɗura masa komai, a ɗauke shi tare da gorar a nufi asibiti mafi kusa, Babban Asibitin Gaya ko wanda ya fi shi kusa, su kuma su san ko za su tura shi Kano, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko na Murtala. Ko da yaron ya yi kamar ya warke, kada a saki jiki. Ƙunar maƙoshi takan warke da tabo, tabon ya tsuke hanyar abinci bayan makonni, har a wayi gari ko koko ba ya wucewa. Jinyar wannan ta shekaru ce, kuma ta fi ƙarfin manomin gero.

Ba za mu wuce ba sai mun ambaci masu watsa wa mutane wannan abu da gangan, saboda kishi ko gaba. Dokar tarayya ta hana cin zarafin mutane, ta shekarar 2015, ta yanke wa mai yin haka ɗaurin rai da rai ba zaɓin tara. Amma kafin a kai ga kotu akwai mai shago. Wanda ya zo neman asid ba batir a hannunsa, ba a kuma san shi da sana'ar ba, ruwa ba ya tsami banza, a tambaye shi.

Sa'an nan akwai ƙarshen batir. In ya mutu, 'yan gwangwan suna saye da daraja saboda dalmar da ke ciki. Sau da yawa kafin a ɗora shi a sikeli ko a mota sai a tuntsurar da ruwan a ƙasa, a bayan rumfa ko a kwata. Ruwan nan kuwa ba asid kaɗai ba ne, akwai dalma a cikinsa. Kaifin asid yana mutuwa, dalma ba ta mutuwa. Tana zama cikin ƙasa, ta bi ƙura, ta shiga bakin yaro mai rarrafe. Arewa ta riga ta ga aikin dalma. A shekarar 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, ko da yake wannan daga dutsen zinariya ta fito. Wadda ta fito daga batir kai tsaye kuwa ita ce ta unguwar Thiaroye-sur-Mer a gefen Dakar ta ƙasar Senegal, inda yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, saboda fasa tsofaffin batira da tankaɗe ƙasar wurin don neman dalma. Waɗanda ba su mutu ba kuwa, dalma tana rage musu kaifin ƙwaƙwalwa, ragin da ba ya dawowa. A nan gida, hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, ta sami ƙa'idoji na musamman a kan batir a shekarar 2024. Amma takarda a Abuja ba ta hana a tuntsurar da batir a bayan kasuwar ƙauye, sai in akwai wanda ya sani a wurin.

Wanda ya sanin nan kuwa ku ne. Cikinku akwai waɗanda za a tura duba-gari, da malaman makaranta, da malaman gona, da ma'aikatan ɗakin shan magani, da akawunan sakatariya. Sabon ma'aikaci shi akan miƙa wa makullin ɗakin batir, a ce ai shi ne ɗan boko. Abin da muke nema gare ku bai fi ƙarfinku ba. Ku raba sunayen nan uku a bakinku tukuna: ku ce tataccen ruwa, ku ce sirkakken asid, ku ce uwar asid, ku daina cewa ruwan batir, har masu shago su saba da jin haka daga gare ku. Ku zauna da shugabannin makanikai da masu caji na garin da aka tura ku, ba da takardar tara a hannu ba, ku nemi a yi yarjejeniya cewa ba za a ƙara zuba asid a gorar abin sha ba, sai a jarka mai kauri mai murfi, a shafa mata jan fenti, a rubuta guba da boko da ajami, tun da ba kowa ke karanta boko ba, jan fentin kuwa ko wanda bai yi karatu ba zai gane shi. Ku roƙi limamai su faɗi maganar ruwa na minti 20 da maganar manja bayan sallar Juma'a, don tasu ta fi tamu isa cikin gidaje.

Ranar da batiran ofishinku suka mutu kuma, aka ce a yi gwanjonsu, ku tsaya a kan a miƙa su da ruwansu a ciki, murafunsu a ɗaure, a tsaye ba a kwance ba, ga dillalin da zai iya faɗa muku masana'antar da zai kai su. In mai saye ya ce sai an zubar da ruwan zai auna, ku rage masa kuɗin nauyin ruwan, ya ɗauka haka nan.